Ba Gajen Haƙuri Ne Ya Hana Manomin Zamfara Ajiya Ba: Martani

A makonnin da suka wuce wani marubuci ya fitar da maƙala a wata mujallar Hausa, inda ya ɗauko jar giyar inabi ta ƙasar Faransa ya mai da ita ma'aunin wayewar al'umma. Ya fara da cewa shi Musulmi ne, bai taɓa sha ba, kuma ba ya kiran kowa ya sha, kuma babu dalilin ƙin yarda da shi a kan haka. Abin da ya burge shi, in ji shi, shi ne manomin Faransa yakan matse inabi bana ya rufe a kwalba, jikansa ya zo bayan shekara talatin ya sayar da kuɗin da ya ninka sau da yawa. Daga nan sai ya juyo kan mutanen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, ya ce su kam ba su da abu ko ɗaya da darajarsa ke ƙaruwa da daɗewa: a yi girbi yau, gobe buhu yana kasuwa. Ya raɗa wa wannan hali suna gajen haƙuri, ya kuma ba da shawarar a watsar da rumbu da tukunyar daddawa a jira masana'anta.

Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, kuma Zamfara ce jihar da Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a cikinta a Gusau ranar 27 ga Oktoba, 1999. Babu wanda ke neman ganga a Zurmi. Amma tambayar da ke ƙarƙashin maƙalar tambaya ce ta noma da kasuwa, kuma ta cancanci amsa: me ke sa amfanin gona ya ƙara daraja idan ya daɗe, kuma aljihun wa ribar jiran ke shiga? A nan ne marubucin ya yi kuskure, a Faransa da kuma a gida.

Mafi yawan giyar da Faransa ke matsewa ba ta gyaruwa da daɗewa. Lalacewa take yi. Akwai ma wadda ake kira Beaujolais Nouveau, wadda ake fitarwa kasuwa ranar Alhamis ta uku a watan Nuwamba, makonni kaɗan bayan yankan inabi, kuma masu ita da kansu suna cewa a shanye ta cikin 'yan watanni. Wadda ke jure shekaru ɗan kaso ne ƙarami, daga gonaki ƙididdigaggu, mafi shahararsu a yankin Medok da ke arewa da birnin Bordo, inda ƙasar tsakuwa ce mai saurin tsane ruwa. Yankin nan fadama ce mai dausayi kafin injiniyoyin Holan su janye ruwanta a ƙarni na 17.

Abin da ke riƙe irin wannan giya sinadari ne da ake kira tanin, wanda ke cikin ɓawon inabi da ƙwallonsa, musamman irin da ake kira Cabernet Sauvignon mai kaurin fata. Bahaushe ya san tanin ko da bai san sunansa ba. Shi ne baurin da ke kama harshe idan an tauna goro, kuma shi ne ke cikin bagaruwar da majema ke jiƙa fata da ita don kada ta ruɓe. Sabuwar giyar Medok tana da bauri da tsami har masu shanta ba sa jin daɗinta. Sai a zuba ta a gangar katako mai cin lita 225 ta yi shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, sannan a ɗura a kwalba a kwantar a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai duhu, inda sanyi ke tsayawa wajen digiri 12 zuwa 14 rani da damina. Iska 'yar kaɗan tana shiga a hankali, ƙwayoyin tanin suna haɗuwa da juna suna kwantawa a gindin kwalba, baurin yana laushi, launin yana komawa daga ja mai duhu zuwa na jan bulo. Akwai lokacin da take kai ƙarshen kyanta, daga nan sai gangara. Kuma ba kowace shekara ke bayarwa ba: masana suna ambaton girbin 1961 da na 1982 da girmamawa, amma sanyin watan Fabrairun 1956 ya kashe itatuwan inabi masu yawa a Bordo, har sai da aka sake dashe.

Wato lokaci shi kaɗai ba ya gyara komai. Sai an samu abin da tun asali yake da ƙarfin jurewa, an samu wurin ajiya da ya dace, an kuma samu wanda zai iya zama ba tare da kuɗinsa ba har tsawon shekaru.

Wannan na ƙarshe shi ne marubucin ya tsallake gaba ɗaya. Manomin da ya zana, mai rufe kwalba don jikansa, da wuya a same shi a Bordo. Manyan gidajen giya na can suna da tsarin sayar da ita tun tana cikin ganga, a bazarar da ta biyo bayan girbi, shekara guda ko fiye kafin a ɗura ta. Dillalai da manyan 'yan kasuwa su biya, gidan ya karɓi kuɗinsa ya yi hidimar gona, jiran kuma ya koma kan attajiran Landan da Hong Kong da New York masu ɗakunan ajiya. Su kansu gidajen na masu hannu da shuni ne: gonar Lafite tana hannun iyalin Rothschild, masu bankuna, tun 1868. Ƙaramin manomin Bordo kuwa, wanda sunan gonarsa bai shiga kunnen kowa ba, yana sayarwa da araha yana fama da bashi. A 2023 gwamnatin Faransa ta fito da shirin biyan irin waɗannan manoma kuɗi don su tumɓuke dubban hekta na inabi, saboda babu masu saye. Tun a 1907 manoman inabi na kudancin Faransa suka yi bore, dubun dubata suka cika titunan Montpellier da Narbonne, saboda faɗuwar farashi da giyar jabu. Da haƙuri ne jarin, da waɗannan ma sun yi arziki.

Shi ma sunan da ke kan kwalbar ba daga sama ya faɗo ba. A 1855 Sarki Napoleon na Uku ya shirya baje kolin duniya a Paris, aka nemi majalisar 'yan kasuwar Bordo ta jera giyar yankin bisa daraja. Dillalai ne suka yi jerin, kuma da farashin da kowane gida ya saba samu a shekarun baya suka yi aiki, suka raba gidajen aji biyar. Huɗu ne a ajin farko: Lafite, Latour, Margaux da Haut-Brion. Babban sauyin da aka yi wa jerin tun daga lokacin shi ne ɗaga Mouton Rothschild zuwa ajin farko a 1973. Sannan a 1935 aka kafa dokar kare sunan asali, wadda ta ƙayyade iyakar kowane yanki, irin inabin da za a shuka, yawan abin da za a girba a hekta, da hukuncin wanda ya ari sunan da ba nasa ba. Rubutaccen tarihin farashi, doka, sufeto da kotu, su ne suka mai da ruwan inabi kadara.

Kuma ko da hakan, sunan yakan fi abin da ke cikin kwalbar tsada. A watan Mayun 1976 wani ɗan kasuwa Bature mai suna Steven Spurrier ya tara alƙalan ɗanɗano Faransawa a Paris, aka ɓoye musu sunayen kwalabe, sai ga jar giyar Kalifoniya ta Stag's Leap ta zo ta ɗaya a gaban Mouton da Haut-Brion. A 2014 wata kotu a Amurka ta ɗaure Rudy Kurniawan shekara goma saboda ya daɗe yana haɗa giya mai araha a ɗakin girkinsa yana manna mata tsofaffin takardu, attajirai suna saye da miliyoyin daloli ba su gane ba.

Yanzu a dawo gida, inda kuskuren marubucin ya fi ciwo, domin abin da ya ce babu shi yana cikin miyar da ya ci jiya da dare.

Daddawa aikin lokaci ce daga farkonta har ƙarshenta. Ɗorawa takan nuna a bazara, a sauke ta, a raba garin nan mai ruwan ƙwai da yara ke sha daga ƙwallon, wato kalwa, ɓawon kuma a ajiye shi makuba don daɓe da shafen katanga. Ita kalwa da tauri take, ɗanyarta ba ta ciwuwa. Mai daddawa takan ɗora ta a wuta ta wuni ta kwana tana dahuwa, ana ƙara ruwa ana tura itace, har fatar ta yi laushi. Sai a surfa a turmi da toka ko yashi, a kai a wanke a rairaye har baƙar fatar ta rabu, a sake dafawa da 'yar kanwa, a tsane, a zuba a ƙwarya ko kwando da zafinta, a lulluɓe da ganye da tsumma a kai ɗaki. Kwana biyu zuwa uku ba a buɗewa. A cikin wannan duhu wata ƙwayar halitta da masana ke kira Bacillus subtilis tana farfasa furotin ɗin kalwa, tana sakin sinadarin gulutamet, wanda shi ne ke sa miya ta yi garɗi. Ita ce dai ƙwayar da Japanawa ke yin abincinsu natto da ita, kuma gulutamet ɗin shi ne wanda masanin Japan Kikunae Ikeda ya gano a 1908 cewa shi ne tushen wannan garɗi, wanda kamfanonin dunƙulen miya suka gina dukiyarsu a kansa. Matar da ke wannan sana'a ba ta da ma'aunin zafi, amma ta san a lokacin hunturu sai an ƙara lulluɓi an ƙara kwana, ta san a bazara idan aka yi sakaci da rabin yini za ta wuce ta yi ɗaci, kuma da hanci take gane ta kai. Daga nan a kirɓa, a faɗaɗa, a shanya a rana har ta yi baƙi ta bushe. Busasshiyar daddawa takan yi watanni masu yawa a ɗaki, warin farko mai hawa kai ya kwanta, ƙamshin ya zauna. Kowace uwargida ta san bambancin wadda ta huce da wadda aka sauke jiya, kuma ta san hannun wa take nema a kasuwa.

Ba kalwa kaɗai ba. A wannan yanki har zuwa Maraɗi ana yin daddawar batso da gurguzu, wato 'ya'yan yakuwa, wadda ta fi ɗaukar kwanaki kuma ta fi ƙarfin wari, masu sonta kuwa ba sa musanya ta da komai a miyar kuka.

Wannan sani ya girmi jerin 1855. Hugh Clapperton, wanda ya bi ta Zurmi a 1824 a hanyarsa daga Kano zuwa Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya kai labarin yadda ake ruɓar da ƙwallon ɗorawa a yi curin miya da shi. A littafin tafiyar da aka buga a 1826 ne masanin tsirrai Robert Brown ya ba itacen sunan Parkia don tunawa da Mungo Park. Itacen ya samu sunan Bature ya shiga kundin kimiyya, matan da suka ƙware a sarrafa shi kuwa babu wanda ya rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu.

Sai shinkafa. A fadamun Gagare da Bunsuru, kogunan da suka ratsa ƙasar Ƙaura da Shinkafi da Zurmi kafin su zuba a Rima, an daɗe ana nomanta, kuma duk mai tuƙa tuwo ta san sabuwar shinkafa ba ta auki. Tana caɓewa, tana danƙo, kwano ɗaya ba ya kai inda ya saba kaiwa. Wadda ta yi watanni a ajiye da ɓawonta takan sha ruwa sosai ta kumbura ta warware. Masana abinci sun tabbatar da haka: bayan girbi, sitaci da furotin na ƙwayar suna ci gaba da sauyawa a hankali. Saboda wannan dalili ne Indiya da Pakistan ke ajiye basmati shekara guda ko biyu, su rubuta a jikin buhu cewa tsohuwa ce, su ɗora kuɗi a kai, kuma masu kuɗi a Gusau da Abuja suna saye da murna. Mai sayar da abinci a tasha ma tana neman tsohuwar shinkafa, don ta san ribarta tana cikin aukin. Bambancin kawai, babu wanda ya rubuta mata shekarar girbi a buhu.

Gero ba ya ƙara daɗi da daɗewa, kuma babu amfanin a yi wa mai karatu ƙarya a kan haka. Tumu ma a ranar da aka karyo shi ake gasawa. Amma ajiye shi fasaha ce babba. Ana ɗaure shi dami dami da zangarniyarsa, ba a sussukawa, domin ƙaiƙayin yana kare ƙwayar daga ƙwari. Ana ɗora rumbu ko rufewa a kan duwatsu saboda gara da danshi, a rufe bakin da laka ko a kifa masa jinka. A gidan da ke da hali, geron bana ba a taɓa shi sai na bara ya ƙare, kuma magidancin da ke da hatsin shekara biyu ko uku shi ake kira babban manomi. Al'ummar da ta ga yunwar Kakalaba a 1914 da farin 1973 ba ta buƙatar a koya mata darajar ajiya daga Medok. Ita ce ma ta ce da tsohuwar zuma ake magani.

A kuma tuna da yanayi. Bordo tana da sanyin ƙarƙashin ƙasa kyauta. A Shinkafi zafin watan Afrilu yakan wuce digiri 40. Duk abin da ke da ruwa a jikinsa, idan aka ce a ajiye shi a haka, kwana kaɗan zai yi. Shi ya sa hikimar wannan ƙasa ta bi ta hanyar busarwa da soyawa da ruɓarwa a tsanake: kilishi, kuɓewa busasshiya, kuka, soyayyen man shanu, daddawa. Kowace ƙasa da irin amsar da ta ba rana da iskarta.

To me ya sa buhu ke fita kasuwa da kaka, lokacin da farashi ya fi faɗuwa? Marubucin ya ga wannan da idonsa, kuma gaskiya ya gani. Fassararsa ce ba daidai ba. Manomin ya ci bashin taki da damina. Ya karɓi kuɗin ƙwadago a hannun ɗan kasuwa bisa alkawarin biya da hatsi. Ga kuɗin makaranta, ga asibiti, ga auren 'ya da aka ɗaga zuwa bayan girbi. Ya san sarai cewa tiyar da ya sayar a watan Nuwamba zai saye ta da tsada a watan Yuli, ya fi kowane marubuci sanin haka, domin shi ne ke saye. Wanda ke cin ribar jiran shi ne mai sito a cikin gari, kamar yadda mai ɗakin ajiya a Landan ke cin ribar jiran giyar Bordo. Abin da ya raba su shi ne gidan Lafite yana karɓar kuɗi mai tsoka tun kafin kaya su fita, shi kuwa manomin Zurmi yana karɓar mafi ƙarancin farashin shekara.

Akwai kuma abin da maƙalar ba ta ambata ko sau ɗaya ba, kuma rashin ambatonsa abin mamaki ne ga duk wanda ya san yankin. Fiye da shekara goma ke nan ƙananan hukumomin nan uku suna cikin waɗanda 'yan bindiga suka fi addaba a Nijeriya. Ana sa wa ƙauyuka haraji kafin a bar su su yi shuka, a sake sa wani kafin girbi. Ana fasa rumbuna a kwashe, abin da ba a iya ɗauka ba a cinna masa wuta. A irin wannan hali cikakken rumbu kiran masifa ne, kuma mai hankali shi ne wanda ya mai da hatsinsa kuɗin da zai iya gudu da shi a aljihu. A watan Satumbar 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar, har kasuwar Shinkafi, wadda ke tara fatake daga Nijar da kudancin Nijeriya, ta tsaya. A watan Yunin 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF tare da ma'aikatar lafiya suka auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Shinkafi da Zurmi, suka tarar kusan ɗaya cikin huɗu yana fama da tamowa. Wannan ƙasa ce da Heinrich Barth ya ratsa a 1853 ya ga kasuwar Badarawa cike da jama'a da kaya. A ce wa iyayen waɗannan yara matsalarsu gajen haƙuri ce, zalunci ne, ko da ba da niyya aka faɗa ba.

Inda marubucin ya kusa kama gaskiya shi ne batun suna, kuma ya kamata a ba shi wannan. Kayan wannan ƙasa sun daɗe suna fita ba tare da sunansu ba. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda majemanmu suka jeme da bagaruwa, ta ƙetare Sahara a bayan raƙuma, Turawa suka ɗaure littattafansu masu tsada da ita suna kiranta fatar Maroko, don a can suka saye ta. Da layin dogo ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, gyaɗa da audugar yankin suka riƙa shiga tarago ana auna su da nauyi da aji, a gauraya ta wannan gari da ta wancan. Hukumomin sayen amfanin gona sun ci gaba a haka har aka rushe su a 1986. Tsarin bai taɓa tambayar wa ya noma ko a wace fadama ba, don haka bai taɓa saka wa mai kyautata aiki ba.

Maganin wannan ba ya nesa, kuma ba sai an je Faransa ba. Ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta OAPI, wadda Nijar da Kamaru ke ciki, ta yi rajistar barkonon Penja da farar zumar Oku na Kamaru a 2013 a matsayin kaya masu sunan asali, kuma farashin barkonon Penja ya tashi bayan haka. Nijar ta bi sahu da albasar Galmi da kilishinta. Galmi tana kan hanyar Birnin Ƙonni zuwa Madawa, Hausawa ne ke noman albasarta, a irin ranar da ake yi a Shinkafi. Nijeriya ba ta cikin OAPI, don haka aikin yana wuyan majalisar tarayya da ma'aikatar ciniki. Tun ƙarshen shekarun 1990 kuma ƙungiyoyin manoma a Nijar suke gwada wani tsari: a zuba hatsi a sito da kaka a rufe da kwaɗo biyu, ɗaya na ƙungiya ɗaya na mai ba da rance, manomi ya karɓi wani kaso na darajar hatsin ya biya buƙatunsa, idan farashi ya tashi a buɗe a sayar a biya, ragowar tasa ce. Ana iya gina irinsa bisa ƙa'idojin cinikin Musulunci ba tare da riba ba. Buhun nan mai ninki uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007 yana riƙe wake watanni ba tare da maganin ƙwari ba, kuma ana samunsa a kasuwanninmu.

Ita ma daddawa tana da gyaran da take buƙata, kuma masu yinta ba za su musa ba: yashin surfe da ke saura a ciki, shanya a ƙasa inda ƙura da ƙuda ke sauka, rashin ma'auni ɗaya daga curi zuwa curi. Waɗannan ayyuka ne da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa tun 1983, za ta iya zama da ƙungiyoyin mata ta warware: injin ɓare kalwa, gadon shanya mai raga, leda mai sunan gari da watan da aka yi. Masana'antar da marubucin ke jira, idan ta zo ta tarar babu wannan, kalwa kawai za ta saya da araha ta tafi da ita, a maimaita labarin gyaɗa.

Sai dai duk wannan yana bayan abu ɗaya. Itacen inabi yakan fara bayarwa a shekara ta uku, ɗorawa kuwa takan kai kusan shekara goma kafin a ga kalwar kirki, kuma mafi yawan waɗanda ke tsaye a gonakin arewacin Zamfara kakanni ne suka bar su lokacin sharar gona. Yau ana sare su don gawayi da katako, matan da suka saba fita ɗiban ɗorawa da bazara suna tsoron nisa da gari, kalwa ta yi tsada har masu sana'ar da dama sun koma waken suya. Mutumin da bai tabbata zai kwana a ƙauyensu a damina mai zuwa ba, ba zai dasa itacen shekara goma ba, kuma ba zai cika rumbun shekara uku ba. Wanda ke da alhakin ba shi wannan tabbaci yana Gusau da Abuja, kuma can ya kamata marubucin ya aika maƙalarsa ta gaba, da sunayen ƙauyukan da aka ƙona wa rumbuna da adadin harajin da suka biya kafin su girbe abin da suka shuka.